Kwana a otal na bakin hanyar zamiya a Val Thorens: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara ba 'yan'uwa labarin hutun sanyin da nake yi a tsaunukan Alps, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini, daga ɗalibanmu da ma'aikatanmu mazauna Turai, da kuma masu shirin tasowa daga gida. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Na ɗauki Val Thorens na ƙasar Faransa domin shi na fi sani, kuma shi ne mafi tsayi cikin garuruwan wasan zamiyar ƙanƙara na Turai. Duk abin da tsayi yake yi wa baƙo, a can ya fi fitowa fili.

Me ake nufi da otal na bakin hanyar zamiya?

Otal ne da aka gina daf da hanyar da masu zamiya suke gangarowa. Da safe ka sauko ɗakin ajiyar kaya, ka sa takalmin siki (siki su ne dogayen alluna biyu da ake maƙala wa ƙafa don zamiya), ka buɗe ƙofa, sai ga ka a kan dusar ƙanƙara. Da yamma kuma ka zamo har bakin ƙofar. Faransawa suna ce masa *ski aux pieds*, wato siki a ƙafa. Wanda bai taɓa tafiya da takalmin siki ba, ba zai gane darajar wannan ba. Takalmin roba ne mai tauri da nauyi wanda ba ya lanƙwasa a idon sawu. Tafiyar minti goma cikinsa a kan titi mai santsi, ga sanduna biyu a hannu, ga siki a kafaɗa, ga yaro yana jan rigarka, ta isa ta cinye maka ƙarfin safiya.

Ina ne Val Thorens, kuma yaya tsayinsa?

Yana yankin Savoie, a can ƙurewar kwarin Belleville, a tsayin mita 2,300 daga teku. An fara gina shi a farkon shekarun 1970 a wurin da babu gari a da, don wannan wasa kawai, shi ya sa yawancin gine-ginensa suke manne da hanyoyin zamiya. Yana cikin yankin da ake kira Les Trois Vallées, wato Kwaruruka Uku, tare da Méribel da Courchevel da Les Menuires, inda hanyoyin zamiya suka kai kimanin kilomita 600 a haɗe. Motar igiya, wato akwatin fasinja da ke tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, tana kai mutum ƙololuwar dutsen Cime Caron, kusan mita 3,200.

Don adadin ya zauna maka a rai: Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos tana wajen mita 1,200, dutsen da ya fi tsayi a Najeriya kuwa, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan gadon da za ka kwanta a kai ya kusa kai ƙololuwar Najeriya, kuma ya zarce kowane dutse a Nijar, tunda mafi tsayinsu, a duwatsun Bagzam, bai wuce mita 2,000 da 'yan kai ba.

Me ya sa mutane suke biyan ƙarin kuɗi don su kwana can sama?

Saboda tabbacin ƙanƙara. Garuruwan da ke ƙasa-ƙasa sukan samu ruwan sama maimakon dusar ƙanƙara idan sanyi ya yi rauni, sai baƙo ya biya kuɗin mako guda ya tarar da ciyawa. A Val Thorens ana buɗe wasa tun ƙarshen Nuwamba, ba a rufewa sai farkon Mayu. Ƙanƙarar can kuma ta fi bushewa da laushi. Wannan ne abin da kake saye, kuma ga mai son zamiya da gaske ya ci kuɗinsa.

Me tsayin zai yi wa jikina?

A mita 2,300, kowane numfashin da ka ja yana ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu ne na iskar oksijin da za ka samu a bakin teku. Yawancin masu lafiya suna sabawa cikin kwana biyu ko uku, amma kwanakin farko sukan zo da ciwon kai, da haki idan ka hau bene, da bugun zuciya, da rashin sha'awar abinci. Abin da ya fi damun mutane shi ne barci. Sai ka ga ka farka sau uku sau huɗu cikin dare, wani lokaci kamar numfashi ya tsaya maka na ɗan lokaci. Hawa tsauni da rana a sauko da yamma daban, kwana a sama daban, domin cikin barci numfashi yakan yi ƙasa, nan ne ƙarancin iskar ya fi cizo.

Ranar farko ka bi a hankali. Ka sha ruwa sosai ko da ba ka jin ƙishi, domin iskar can busasshiya ce ƙwarai, ga na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara busar da ita. Haɓo da tsagewar leɓe ba abin mamaki ba ne. Ka guji maganin barci sai da izinin likita. Kada ka hau Cime Caron ranar da ka iso, ka bari sai rana ta uku.

Akwai alamun da ba a jira da su: haki alhali kana zaune ba ka yin komai, tari mai kumfa, amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon kan da magani bai taɓa shi ba, tangaɗi ko ruɗewar tunani. Duk wanda aka ga haka a jikinsa, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a kai shi wurin likitan garin nan take, kuma a shirya sauko da shi ƙasa. Saukowa ita ce babban magani. Mai hawan jini da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu, su ga likita kafin su biya kuɗin ɗaki.

Ina da sikila, ko kuma jinina AS ne. Zan iya zuwa?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita ce ba kasafai za ka gan ta a takardun tallan otal-otal ɗin can ba, domin ba mu suka sa a gaba ba lokacin da suke rubutawa. Mu kuwa a ƙasar Hausa da wuya ka samu zuri'ar da babu mai wannan jini a cikinta.

Abubuwa huɗu ne suka fi tayar da ciwon sikila: ƙarancin oksijin, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da aikin ƙarfi. Duka huɗun suna jiran baƙo a Val Thorens lokaci guda. Mai SS ko SC, shawarata ita ce kada ya kwana a wannan tsayi sam, sai idan likitan jininsa da ya san tarihinsa ya amince ƙarara, kuma da wuya ya amince. Babban asibiti yana can ƙasa cikin kwari, ga hanya mai lanƙwasa wadda ƙanƙara kan tsayar da ita.

Mai AS yakan ɗauka ba ruwansa, tunda bai taɓa kwanciya ba. A rayuwar yau da kullum haka ne. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a wuri mai tsayi jini kan iya toshewa a saifar mai AS, wani ɓangarenta ya mutu. Ba kowa yake samu ba, mafi yawa sukan je su dawo lafiya, amma yana faruwa, kuma alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har zuwa kafaɗar hagu, sau da yawa cikin kwanakin farko. Idan ka ji haka kada ka ce sanyi ne ko gyambon ciki. Ka je wurin likita, ka faɗa masa da bakinka cewa jininka AS ne, domin ba lallai ya kawo hakan a ransa ba. Da Faransanci sunan ciwon *drépanocytose*, ka rubuta shi a wayarka.

Wanda bai san ko jininsa AA ne, AS, SS ko SC ba, ya gwada kafin tafiya. Ga wanda yake da shakka kuma akwai mafita a cikin kwarin nan ɗaya: Les Menuires yana mita 1,850, ƙauyen Saint-Martin-de-Belleville kuma mita 1,450, dukansu a haɗe suke da hanyoyin zamiya guda. Shi ma a tambayi likita, amma barci a can ya fi sauƙi ga jiki nesa ba kusa ba.

Otal ya ce a bakin hanya yake. Yaya zan tabbatar?

Ka tambaye su abu uku a rubuce. Na farko, mene ne sunan hanyar da ke wucewa ta ƙofarsu, kuma wane launi ce. A Faransa ana raba hanyoyi huɗu: kore don sabon shiga, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi don ƙwararru. Na taɓa kama ɗaki a wani otal a wani garin tsauni da ya yi wannan alkawari, kuma bai yi ƙarya ba, hanya tana bakin ƙofarsa, sai dai ja ce mai gangara sosai. Ƙanina da ke koyo haka ya riƙa saɓa sikinsa yana zagayawa ta titi kullum, alhali mun biya kuɗin kusanci.

Na biyu, minti nawa ne daga ƙofarsu zuwa inda makarantar koyon zamiya take tara ɗalibai da safe. Na uku, ina tagar ɗakin take kallo. Da dare manyan injinan gyaran ƙanƙara suna hawa da sauka a kan hanya da fitilu da ƙara, wasu lokuta har asuba. Tsakiyar Val Thorens kuma akwai mashaya da wuraren kiɗa da matasa suke cikawa har tsakar dare. Mai iyali ya nemi unguwar da ke gefe da ɗaki a hawa na sama.

Ban taɓa zamiya ba. Ya dace in fara a can?

Ana iya farawa. Akwai fili mai shimfiɗa a tsakiyar garin da aka ware wa masu koyo, da darduma mai tafiya da kanta wadda take hawa da mutum. Makarantar da ta fi shahara ita ce ESF, wato makarantar siki ta Faransa, wadda aka kafa a 1945, malamanta masu jajayen kaya, kuma akwai wasu makarantun. Ka ɗauki malami, kada ka bari aboki ya koya maka. Ra'ayina dai, wanda zai yi makonsa na farko ba ya buƙatar kilomita 600 da zai biya kuɗinsu bai taka ba. Ya sayi ƙaramin tikitin hawa motocin igiya na masu koyo, in ƙafa ta zauna ya ƙara.

Doka ɗaya ka riƙe tun ranar farko: wanda ke gabanka, ƙasa da kai, shi ke da hanya. Kai da ke bayansa ne za ka kauce masa.

Ta ina ake zuwa?

Filayen jirgin sama mafi amfani su ne Janeba a Suwizalan da Liyon a Faransa, sai Chambéry da Grenoble. Daga Janeba tafiyar mota kimanin awa uku ce idan hanya a buɗe take. A jirgin ƙasa kuma tashar da za ka sauka ita ce Moûtiers, inda bas da tasi suke ɗauka. Daga Moûtiers kilomita 37 ne, kusan awa guda, amma cikin wannan awar za ka tashi daga tsayi irin na Kano ka ƙara mita 1,800 a kai. Mai jiri a mota ya zauna gaba. Ranar Asabar ita ce ranar sauyin baƙi, hanya takan cushe, musamman a Fabrairu.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai. Ko da ta Janeba za ka sauka, ofishin jakadancin Faransa za ka nema, tunda can za ka fi daɗewa.

In na zo da mota fa?

Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dokar Faransa ta wajabta tayoyin sanyi ko sarƙar taya a yankunan tsauni irin wannan. Ba a barin mota a titin garin, sai a gidajen ajiyar mota na kuɗi, kuma gara ka kama wuri tun kafin ka taso.

Wane lokaci ya fi sauƙin kuɗi?

Makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantun Faransa na Fabrairu su ne mafi tsada da cunkoso. Farkon Disamba da tsakiyar Janairu sun fi araha, sai dai Janairu ne sanyi ya fi tsanani. Ni na fi son ƙarshen Maris zuwa Afrilu: rana ta yi tsawo, sanyi ya sassauta, ƙanƙara kuma tana nan saboda tsayin wurin. Yawancin otal-otal sun fi son haya daga Asabar zuwa Asabar. Ka tuna kuɗin ɗaki ba shi ne ƙarshe ba, akwai tikitin hawa, da hayar siki da takalmi da hular kwano, da kuɗin malami, da ɗan harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baligi.

Yaya batun abincin halal?

A nan sai an buɗe ido, domin girkin Savoie a kan cuku da dankali da naman alade da giya ya ginu. *Tartiflette* dankali ne da cukun reblochon, amma da gutsattsarin naman alade a ciki. *Raclette* narkakken cuku ne da ake kawowa da farantin busasshen nama, mafi yawansa alade. *Fondue* kuwa ko babu nama, da farar giya ake narka cukun. *Diots* tsiran alade ne. Abin sha mai zafi da za ka ga ana sayarwa a bakin hanya da sunan *vin chaud* giya ce, haka ma *génépi* da wasu gidajen abinci suke miƙa wa baƙo kyauta bayan ya ci. Kalmomin da za ka lura da su a takardar abinci: *porc*, *lardons*, *jambon*, *vin*.

Otal da yawa suna sayar da ɗaki haɗe da karin kumallo da abincin dare. Kafin ka karɓa, ka rubuta musu cewa kifi da ƙwai da ganye kake ci, ba alade ba giya ko a miya, ka ji amsarsu. Idan suka yi ta kewaye-kewaye, ka ɗauki ɗaki da karin kumallo kaɗai. Iyalai da yawa sun fi samun natsuwa a ɗakunan haya masu kicin, waɗanda su ma a bakin hanyar zamiya suke. Sai ka yi cefanen naman halal a Liyon ko Chambéry ko Albertville kafin ka hau, ka taho da yajinka. Ka sani ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 92 maimakon 100, don haka shinkafa da taliya sukan ɗan daɗe kafin su nuna, wake kuwa sai haƙuri.

Sallah da azumi fa?

Ka shirya yin sallah a ɗakinka. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas, manhajar waya za ta daidaita maka. A Disamba rana gajeriya ce, tana fitowa bayan ƙarfe takwas ta faɗi kafin biyar, saboda haka azahar da la'asar suna matse da juna kuma duk cikin lokacin zamiya suke faɗowa. A nan otal na bakin hanya yake da wani amfanin da masu shi ba sa tallatawa: cikin minti kaɗan ka zamo gida, ka cire takalmi, ka yi alwala da ruwan ɗumi, ka yi sallah, ka koma. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, ka tambayi malaminka kafin tafiya.

A 'yan shekarun nan watan Ramadan cikin lokacin ƙanƙara yake faɗowa. A 2026 a Fabrairu aka fara, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Yinin gajere ne, amma bushewar iska da aikin ƙarfi a wannan tsayi suna zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi ba. Na fi ganin a ɗaga tafiyar zuwa bayan sallah.

Wane kaya zan kawo?

Sanyin digiri 10 ko 15 ƙasa da sifiri ba baƙon abu ba ne a Janairu, iska kuma tana ƙara masa kaifi. Riguna uku masu sauƙi a kan juna sun fi ƙatuwar riga ɗaya: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska. Kada ta ciki ta zama auduga, domin tana riƙe gumi ya huce a jikinka. Safa ɗaya doguwa ta isa, biyu suna matse ƙafa su hana jini gudu. Safar hannu mai kyau, abin rufe wuya, da takalmi mai kama ƙasa don yawon yamma. Mata masu hijabi sukan sa ɗan siriri mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano, su cusa gefensa cikin riga, domin mayafi mai lilo zai iya maƙalewa a kujerar igiya. Waya ka sa ta aljihun ciki, sanyi yana kashe batir da sauri. Mai zuwa daga Najeriya ko Gana ya taho da adafta mai baki biyu zagayayyu.

Siki da takalmi da hula haya ake yi a can. Kusan kowane otal yana da ɗakin ajiya mai bututun busar da takalmi, ka yi amfani da shi kowane dare.

Baƙar fata ma tana buƙatar man kariya daga rana?

Ƙwarai kuwa. Hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa zuwa fuskarka daga ƙasa. Hanci da leɓe sukan saɓule. Ido ya fi komai haɗari: yini guda ba tabarau zai iya jawo raɗaɗi da hawaye da dare kamar an zuba yashi. Tabarau dole ne ko da gari ya lumshe. Man kaɗanya yana maganin bushewa da kaushi da dare, amma bai isa kariya daga rana ba.

Idan na ji rauni a kan hanya, wa zai biya?

Kai za ka biya. A Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne, ko a gadon da ake ja a kan ƙanƙara aka sauko da kai sai an kawo takardar kuɗi, balle jirgi mai saukar ungulu. Inshorar da ake nema don bizar Shengen, wadda dole ta kai Yuro 30,000, sau da yawa ba ta haɗa da wasannin ƙanƙara ba, sai ka karanta sharuɗɗanta. Akwai inshorar yini-yini mai suna Carré Neige da ake ƙarawa a kan tikitin hawa, kuɗinta kaɗan ne. Ka ajiye lambar masu ceto da ke jikin taswirar hanyoyi. Kada ka fita daga hanyoyin da aka kafa wa sanduna, domin can ne ƙanƙara take zaftarewa ta binne mutane. Kullum ana sanar da matakin wannan haɗari daga 1 zuwa 5, kuma ko a mataki na 3 ana rasa rayuka.

Idan yanayi ya ɓaci fa?

Wannan ne raunin Val Thorens. Ya wuce tsayin da itatuwa suke tsiro, babu abin da zai tare iska ko ya nuna maka iyakar ƙasa da sama. Ranar hazo komai fari fat yake zama, har mutum ya rasa ko tafiya yake ko tsaye. Iska mai ƙarfi kuma takan sa a rufe motocin igiya na sama. A irin wannan rana ƙwararru sukan gangara Méribel ko Courchevel inda akwai daji, amma su riƙa duba agogo, domin wajen ƙarfe huɗu ake fara rufe hanyoyin komawa, wanda ya makara kuma sai tasi mai tsada ta zagayo da shi ta Moûtiers.

Akwai abin yi ga wanda ba ya zamiya, ko ga yara ƙanana?

Akwai, amma ba da yawa ba. Ana sayar da tikitin masu tafiya a ƙafa don hawa wasu motocin igiya a ga tsaunuka, har Mont Blanc, dutsen da ya fi tsayi a Alps, ana hangowa idan gari ya waye tas. Akwai hanyar sulu a kan ɗan jirgin roba mai tsawon kilomita 6, da cibiyar wasanni mai wurin iyo. Wuraren iyo da ɗakunan gumi na otal-otal a cakuɗe suke maza da mata, wanda hakan bai yi masa ba ya tambaya ko ana iya kama awa ta iyali. Makarantun zamiya suna karɓar yara daga shekara uku, kuma a lokacin hutun makarantu wurare suna ƙarewa tun da watanni. Jariri kuwa a tambayi likitan yara kafin a hau da shi. Idan a cikin tafiyar akwai tsoho ko mai goyo da za su yini a gari, Saint-Martin-de-Belleville, da tsofaffin gidajensa na dutse da iskarsa mai sauƙin shaƙa, zai fi musu daɗin zama, masu zamiya kuma su hau sama da safe su dawo musu kafin magariba.